Zango a Bakin Ruwa: Yadda Muka Zaɓi Wurin Kwana da Iyali



Fita shan iska da iyali ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk Sallah za ka ga motoci maƙare da yara an nufi gidan zoo ko bakin wani dam, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, kafin magariba kowa ya kama hanyar gida. Abin da bai zama jiki ba shi ne kwana. Da zarar ka ce za a kafa tanti a kwana a bakin ruwa, da mata da yara da tsofaffi, sai kallo ya koma kanka, wani ma ya tambaye ka ko mai gidan haya ne ya ba ku notis. To mu dai mun yi, gida biyar na dangi ɗaya, mutum 24 har da na goye. Kuɗin mota da na abinci a zama ɗaya aka gama maganarsu. Zaɓen wurin kwanan kuwa sati uku ya ci, har sai da wata yayarmu ta fita daga zauren WhatsApp na gida aka lallaso ta ta dawo. Wannan jayayyar ce muke so mu baje a nan, ko wani zai tsinci abin amfani.

Tunanin ya samo asali ne daga wayar wani ƙanenmu, wanda ba shi da aiki sai kallon bidiyon mutanen Amurka masu yawo da motar-gida. Mota ce da aka ƙera cikinta kamar ɗaki da falo: gado, murhun gas, firji, banɗaki, tankin ruwa mai kyau da tankin ruwan datti. Mutum zai kwashi matarsa da 'ya'yansa ya yi wata guda yana zagaya ƙasa, duk inda dare ya yi masa ya shiga filin da aka tanada domin irinsa. A filin kowace mota da gurbinta, da turken wutar lantarki mai amfiya 30 ko 50, da famfo, da bututun da za ta juye dattinta. Filayen da ke hannun gwamnati a intanet ake kama gurbi, wasu tun wata 6 kafin ranar zuwa, kuma gurbin da ya fi kusa da ruwa shi ake fara wawashewa.

Kawunmu, wanda ya yi shekara sama da 30 yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, ya karɓi wayar ya kalla shiru, sannan ya miƙa masa abarsa ya ce, "To mene ne sabo a nan, ɗana? Ai mu ma a bayan kujera muke kwana, da risho da buta da tabarma. Su suna biya su yi, mu ana biyanmu."

Daga nan ya gangaro kan fatake, domin kakansa ya yi fatauci. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayo goro watanni yake yi a hanya, da jakuna da mata da yara, kuma babban aikin madugu bayan tsaron ayari shi ne sanin inda za a sauka. Kalmar zango da muke ji a Zangon Kataf da Zangon Daura, da unguwannin zango na Kumasi da Akara, daga nan ta fito. Kawu ya ce abu uku ya ji daga bakin manya. Zango yana kusa da ruwa yadda za a shayar da dabbobi, amma ba a kwana a kan gaɓa. In akwai kogi a gaba, a ƙetare shi tukuna kafin a sauke kaya, domin kogin da ka gani iya gwiwa da yamma yana iya wayar gari ya fi ƙarfin jaki. Sannan ba a sauka a ƙasar mutane sai mai ƙasar ya sani. Lokacin mun ɗauke shi hirar tsofaffi mai daɗin ji, sai ga shi kusan duk abin da muka yi daga baya a cikin ukun nan yake yawo.

Shi kansa mai wayar ne ya kawo labarin da ya sanyaya mana jiki. Ranar 4 ga Yulin 2025, kafin gari ya waye, Kogin Guadalupe da ke jihar Texas ya tashi kimanin mita 8 cikin minti 45. Mutum sama da 130 suka rasu a wannan ambaliyar, a cikinsu akwai iyalai da ke barci a motocin-gida a bakin kogin, da 'yan mata ƙanana da ke sansanin hutu. Waɗannan mutane ne masu waya, masu hasashen yanayi, masu mota a bakin ƙofa, amma ruwan da aka tafka a saman kogin ya riga su tashi. Ba sai mun je Amurka neman misali ba. Manyanmu suna tuna ɓallewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988, mu kuma da idonmu muka ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumbar 2024. Nan take aka yanke abu biyu ba tare da musu ba: damina ta fita daga lissafi, haka duk wani wuri da ke ƙasan bangon dam ko a cikin kwarin kogi, komai kyan yashinsa. Busasshen rafi da farin yashi yana kiran mutum ya shimfiɗa tabarma, to amma hanyar ruwa ce, kuma mai hanya ba ya sallama idan zai wuce. Ko da rani ma ana iya buɗe ƙofar dam domin masu noman rani, kai kana can ƙasa ba ka da labari.

Sai aka zo kan sunayen wurare, nan ne kowa ya zama masani. Masu son Yankari suka kawo hujjar Wikki, ruwan ɗumi garai-garai da ba ya sauka daga kimanin digiri 31 dare da rana, ga ɗakunan kwana, ga giwaye in an yi sa'a. Ba wanda ya musa kyansa, sai dai tafiya ce ta kusan yini da tsohuwa mai ciwon gwiwa da jarirai biyu. Wani ya ce Argungu, a ga Matan Fada inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Nisa ya kayar da ita ita ma. Tafkin Kainji, wanda aka tare tun 1968, girmansa ya ninka na duk sauran, amma labarin tsaron dazukan yankin ya sa ko tattaunawa ba a yi ba. Mai son tsuntsaye a cikinmu ya nace a kan Dagona, can wajen dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin sanyi, aka ce masa ya bari sai tafiyar samari zalla. Aka rage Tiga da Challawa ta Ƙaraye.

Tiga ta ci ne da dalili ɗaya wanda ba shi da alaƙa da kyau. Kimanin kilomita 70 ce daga Kano. Matar yayanmu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ce ita tambayarta guda: idan yaro ya kama shiɗewa da ƙarfe biyun dare, minti nawa ne zuwa gadon asibiti? Duk wanda ya kawo wani wuri sai ta maimaita masa tambayar, har aka gaji aka bi ta. Mu a ganinmu ita ta fi kowa gaskiya, ko da yake a lokacin har da masu cewa ta cika baƙin baki.

Amma cewa "Tiga" bai zaɓi komai ba. Dam ne da aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Audu Baƙo, a kan Kogin Kano, kuma ruwansa ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178. Gaɓarsa ta kudu ta jingina da dajin Falgore, wannan ɓangaren mun bar shi tun a gida. Sauran gaɓar kuma wani wuri dutse ne, wani gona, wani mashaya, wani masaukin masunta. Hoton da ke intanet ba zai gaya maka wanne ne wanne ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, don haka ranar wata Asabar a farkon Disamba mu huɗu muka tafi dubawa: mu biyu samari, da Kawu, da yayar nan tamu da ta yi fushi, wadda ta ce in dai ba a je da mace ba ita da 'ya'yanta ba za su taka ba.

Wurin da ido ya fara kaiwa wani shimfiɗaɗɗen fili ne dab da ruwa, sumul kamar an share. A gefensa wani dattijo yana zaune a kan kifaffen kwale-kwale yana ɗinkin raga.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannunku da zuwa. Daga birni?"

Muka gaya masa abin da ke tafe da mu. Bai yi dariya ba, wanda hakan kaɗai ya sa muka ji ya kwanta mana. Ya ajiye ragar ya ce wa Kawu, "Alhaji, taka nan da dugaduganka ka danna." Kawu ya danna, sai ga ƙasa ta buɗe, baƙin taɓo ya leƙo. Ya ce, "Wata biyu da suka wuce nan kifi ke kiwo. Sama ce ta bushe. Motarku in ta shigo, sai an nemo tarakta." Sannan ya nuna mana duwatsun gefe, inda launinsu ya rabu biyu kamar an ja layi, ƙasa fari-fari, sama baƙi. Ya ce nan ruwa yake kaiwa idan dam ya cika, duk abin da za mu kafa mu kafa shi sama da wannan layin. Ya kuma nuna sawun kofato da kashin shanu da muka yi ta tsallakewa, ya ce da hantsi da la'asar garke uku ne ke sauka nan shan ruwa, kuma saniya ba ta san tanti ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bayanin da ya yi kan cikin ruwan. Tafkin dam ba kamar kududdufin unguwa ba ne da ke zurfafa a hankali. Kafin a tare ruwan, wurin gonaki ne da ƙauyuka da rafuka, aka tashi mutane ruwa ya hau kai. Ya ce har yau akwai kwazazzabai da kututture da tsofaffin rijiyoyi a ƙarƙashi. Yaro zai yi taku biyar ruwa iya ƙwauri, na shida babu ƙasa. "Mu da aka haifa a nan mun san inda suke," in ji shi. "Baƙo ne ba ya sani, kuma baƙo ne ya fi son shiga."

A kan shiga ruwan ma akwai wata magana da ba ta bakin Baba ba, ta bakin ma'aikaciyar jinyarmu ce, kuma ita ce ta fi wahalar karɓuwa a gida. Tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan dodon-koɗi da ke son ruwa mai kwanciya da ciyayi, irin na gefen dam da magudanan noman rani. Daga jikinsu take fitowa ta yi iyo, ta huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa, ba sai ya sha ba. Ba za a ga komai a ranar ba sai ɗan ƙaiƙayi. Sai bayan makonni ko watanni yaro ya fara fitsarin jini, lokacin an manta da an taɓa zuwa wani dam. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da ita a duniya, har a wasu ƙauyukan ana ɗaukar jinin alamar yaro ya fara girma. Tana da magani, praziquantel, amma wanda bai san ya ɗauka ba ba zai nema ba, ita kuwa tana nan tana cin mafitsara a hankali. Samarin gida suka ce to mene ne amfanin zuwa bakin ruwa in ba za a yi wanka ba? Aka ce musu amfaninsa kallo da iska da kifi. Ruwan sha da na alwala a jarkoki za a zo da shi. In ya ƙare aka ɗebo na dam don wanka, sai an tafasa shi, tunda ba mu da kwana biyun da ake ajiye shi ƙwayar ta mutu da kanta.

Wannan ya canza yadda muke kallon nisa. Da muna neman wuri mafi kusa da ruwa, sai muka koma neman wuri mai nisan da in yaro ɗan shekara uku ya zille da gudu, za a gan shi a kamo shi kafin ya isa. Masu koyar da kwanan daji a Amurka suna cewa ƙafa 200 daga bakin ruwa, wato kimanin mita 60, su don kare ruwan da dabbobin da ke zuwa sha suke faɗa. Mu mun ninka wannan, don kare 'ya'yanmu. Kuma muka nemi wurin da babu duhuwa ko dutse tsakaninsa da gaɓa, yadda wanda ke zaune a tabarma zai ga duk abin da ke motsi har bakin ruwa. Nutsewar yaro ba ta da ihu irin na fim. Shiru take faruwa, sau da yawa a gaban manya goma da kowannensu ya ɗauka ɗayan yana kallo. Shi ya sa muka tsara gadi na awa-awa, mai gadi yana rataye da usur, ba ya riƙe waya, ba ya barin wurin sai ya rataya wa wani a wuya.

Baba ya haura da mu wani tudu mai tsakuwa, bayan wata gonar rogo, inda ake hango ruwan gaba ɗaya. Mu maza muka tsaya muna yaba kyan wurin, muna lissafin inda rana za ta faɗi. Yaya ba ta ce komai ba. Ta zagaya tudun sau biyu, ta dawo ta ce, "To, ina za mu zaga?"

Shiru. Maganar gaskiya ita ce yawancin wuraren shaƙatawarmu maza ne suke zaɓensu, da idon maza. Namiji zai juya baya a gindin kowace bishiya. Mace mai goyo, da budurwa, da tsohuwa da ke tashi sau uku cikin dare, su ne suke biyan kuɗin kyan wurin da ba shi da sutura. Mun san matan da ke ƙin shan ruwa tun safe in za a fita irin wannan yawon, don kada buƙata ta kama su, su dawo gida da ciwon kai, a ce ai fitar ce ba ta karɓe su ba. Yaya ta ƙirga abin da take so da yatsu. Makewayi biyu, na mata daban, kowanne da rami da zana mai tsayin da ya wuce kai. Hanyar zuwa na matan kada ta bi ta gaban tantin maza, kada kuma ta yi nisan da yarinya za ta ji tsoron zuwa da dare. Wurin wanka da shanya inda masunta masu wucewa da asuba ba za su gani ba. Ƙofar tantin mata ta ba wa hanya baya. Mu kuma muka ƙara da cewa ramin ya yi nesa da ruwa da aƙalla mita 30, a ɓangaren da iska ke tafiya, a rufe shi da ƙasa kafin a tashi, domin mutanen garin daga wannan ruwan suke sha, kuma ta irin wannan hanyar ce ƙwan tsargiya ke komawa ruwa tun farko. Tudun farko ya faɗi wannan jarrabawar, domin hanyar masunta ta ratsa tsakiyarsa. Na biyu, mai tazarar taku kamar ɗari uku, ya ci, saboda wasu manyan duwatsu da suka yi masa katanga ta arewa.

Duwatsun nan sun yi mana wani amfanin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma in ta ratso kan ruwa da dare, sanyinta daban ne da na cikin gari. Samun abin da zai tare ta ya fi bargo biyu. Sai dai dutse gidan kunama ne da maciji, don haka aka bar taku goma tsakaninsa da tanti, aka share ciyawar wurin ƙal, aka kafa dokar kakkaɓe takalmi kafin a saka.

Itatuwa ma sai da aka yi shawara. Kuka a Disamba ba ta da ganye, kuma sau da yawa akwai zuma a kogonta. Gawo yana da inuwa da rani, shi ya sa shanu suka riga mu sanin daɗinsa, ga ƙaya a ƙasa. Akwai wata tsamiya mai inuwa kamar rumfa, amma tun a waya Hajiya ta ce in dai gindin tsamiya ne a sauke sunanta. Ba mu tsaya gardamar iskoki da ita ba, muka koma gindin wasu darbejiya biyu, muka ɗaga kai muka tabbatar babu busasshen reshe a sama.

Kawu shi motarsa kawai yake tunani. Bas mai cin mutum 18 za mu ɗauka da ƙananan motoci biyu, ɗayarsu an cire kujerun baya an shimfiɗa katifa domin Hajiya, motar-gidanmu ke nan. Ya bi hanyar da ƙafa tun daga kwalta, yana duba yashi da kwazazzabo da inda cikin mota zai iya dukan dutse. Ya nemi inda bas za ta juya ba tare da ta taka shukar mutane ba. Ya ce wurin tsayawa ya zama shimfiɗaɗɗe, don wanda ya kwana a motar da ta karkace da ciwon wuya zai tashi. Dokarsa ita ce kafin rana ta faɗi kowace mota ta juya hancinta ya kalli hanyar fita, da mai a ciki, makulli a aljihun direba, kuma kada a ajiye komai a gabanta. Mu kuma muka zagaya da wayoyi masu layi daban-daban muna neman sabis, muka gano layi ɗaya ne ke kamawa sosai, shi ma sai an hau dutse. Aka rubuta wannan.

Daga nan Baba ya raka mu wurin mai unguwa. Babu filin da ba shi da mai shi, ko da ka gan shi kamar daji. Tudun da muka zaɓa ashe saurar wani ne da ya huta da nomanta bana. Muka kai goro, muka yi gaisuwa, Kawu ya yi bayani.

"Ranka ya daɗe, baƙunta muka zo nema, kwana ɗaya, da iyali."

"Madalla. Mata nawa, yara nawa?"

Da aka gaya masa, ya aika aka kira mai saurar, aka kira shugaban 'yan sintirin garin. Ya ce mutum biyu za su kwana kusa da mu, mu sallame su da abin da ya sauƙaƙa. Ya ce zana da itacen girki a saya a garin, kada a sare ko reshe. Uwargidansa kuma ta aiko a gaya wa Yaya cewa in sanyi ya yi wa tsohuwa yawa, ɗakinta a buɗe yake ko ƙarfe nawa ne. Wannan saƙon shi ya sa Hajiya ta amince da tafiyar, ba hotunan da muka kai mata ba. A hanyar dawowa muka tsaya ofishin 'yan sanda mafi kusa muka sanar da rana da adadinmu, muka kuma duba inda asibitin yankin yake da idonmu.

Ranar tafiya abubuwa sun zo da sauƙi, don an riga an sha wahalar a baya. Gardama biyu kawai aka yi. Ta farko da dare ce, da sanyi ya sauko, wata gwaggonmu ta ce a shigar mata da kaskon gawayi cikin tanti. Aka hana, ta yi fushi. Gawayi da janareta suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, a rufaffen wuri tana kwantar da mutum barcin da ba ya tashi, kuma duk shekara muna jin gidan da ta shafe. Aka dafa ruwa aka ɗura a jarka ƙarama, aka naɗe da zani aka sa mata a ƙafa. Janareton ma can nesa aka ajiye shi, ƙarfe tara aka kashe, kowa ya shiga gidan sauronsa, domin sanyi yana rage sauron bakin ruwa ne kawai, ba ya kore shi.

Ta biyu da safe ce, da yara suka ga kwale-kwale suna dawowa da karfasa da tarwaɗa, suka ce sai an zagaya da su. Har wasu iyayen sun fara lallaɓa aljihu. Muka tambaya ko akwai rigar ruwa, babu ko ɗaya, balle mai girman yaro. Mutanen Kano ba su manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwambar 2021, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da 'yan makarantar Islamiyya, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara. Aka ce a'a. Kuka ya tashi ta ko'ina. Baba ne ya kashe wutar: ya sa aka jawo kwale-kwalensa kan tudu, ya zuba su a ciki su tara, ya ba babbansu filafili, ya koya musu yadda ake jefa birgi a kan busasshiyar ƙasa. Awa guda suka yi suna tuƙi ba su matsa ko taku ɗaya ba. Kafin azahar an gasa kifi an ci, an rufe ramuka, an tattara leda da robobi a buhu uku an sa a bas, mai saura ya zo ya duba wurinsa ya ce mu dawo.

Yanzu maganar baɗi ta taso, kuma masu rinjaye suna cewa Dadin Kowa ta Gombe. Can akwai tambayar da ba mu sha wahalarta a tudunmu ba, wato dorina, wadda aka sani a Dadin Kowa da Kiri da Yawuri. Da dare take fitowa kiwo a tudu, tana da hanyar da take bi kullum, kuma duk abin da ta tarar tsakaninta da ruwa a kansa za ta bi. Ma'aikaciyar jinyarmu ta riga ta fara tambayarta ta minti nawa zuwa asibiti, Yaya ta ce da ita za a je dubawa, Kawu yana son sanin ko hanyar gaɓar tana ɗaukar bas. In akwai ɗan Gombe a cikinmu da ya san wani tudu a wajen, da sunan garin da ke kusa da shi, muna saurare kafin watan Nuwamba.